Jita Biyu, Hannu Dabam Dabam

A wannan wata filinmu zai kai mu Amurka, mu ji labarin waɗansu makaɗan jita guda biyu.

Kwanan baya na kunna wa 'yan ajina wani tsohon kiɗa, na ce su faɗi mutum nawa ke bugawa. Wani ya ce huɗu, wata ta ce akwai ganga a ciki. Na gaya musu mutum biyu ne kaɗai, kowa da jitarsa ta katako, ba lantarki, ba ganga, ba mai waƙa. Sai na ce, "To, wa ya fi gwaninta?" Dukansu suka ce, "Mai bugawa da sauri, malam." A nan ne muka saɓa.

Sunan kiɗan "Hot Fingers", watau yatsu masu zafi. An ɗauke shi a faifan garmaho a birnin New York cikin 1929. Masu bugawa su ne Lonnie Johnson da Eddie Lang, irin kiɗansu kuwa shi ake kira jaz.

Johnson baƙar fata ne, mutumin New Orleans. Annobar mura ta 1918 ta kwashe yawancin danginsa. A 1925 ya ci gasar waƙa a St. Louis, daga nan kamfanin faifai na OKeh ya ɗauke shi. Lang kuwa Bature ne, ɗan waɗansu baƙi daga Italiya. An haife shi a Philadelphia cikin 1902, sunansa na yanka Salvatore Massaro. Ubansa mai ƙera kayan kiɗa ne, shi kuma da gogen Turawa ya fara kafin ya koma jita.

Hannunsu ba ɗaya ba ne ko kaɗan. Johnson yakan bi tsirkiya ɗaya ɗaya da sauri, yana tura ta gefe da yatsa har sautinta ya lanƙwashe kamar muryar mai kuka. Jitarsa irin mai tsirkiya 12 ce, sautinta yana da ƙara da amo. Ta Lang mai tsirkiya 6 ce, ƙirar Gibson. Yawancin aikinsa a tsirkiyoyi masu kauri yake, yana riƙe taki, yana hawa da sauka kamar mai taka tsani, yana haɗa sautuka uku ko huɗu a bugu guda. Gangar nan da yarinyar ta ji, hannun Lang ne.

Ku tuna da mata biyu masu lugude a turmi ɗaya. In wata ta yi gaggawa, taɓare za su gwabzu. Haka abin yake ga jita biyu. A wancan zamani kuwa ba a gyaran faifai bayan an ɗauka. Minti uku ne ko kusa da haka, in an yi kuskure sai a soma daga fari. Johnson ya iya sakin yatsunsa yadda ya so domin ya tabbata Lang ba zai zame ba. Wani lokaci sukan yi musanya, Lang ya hau sama, Johnson ya riƙe ƙasa.

Tsakanin Nuwamba 1928 da Oktoba 1929 sun ɗauki kiɗa 10 su biyu. Amma a kan faifan da aka sayar a Amurka ba a rubuta sunan Lang ba. An sa "Blind Willie Dunn", watau Makaho Willie Dunn, domin masu saye su zaci shi ma baƙar fata ne. Wariyar launin fata ta yi ƙarfi, har faifai an raba, na Turawa dabam, na baƙaƙe dabam. Ga mutumin da manyan ƙungiyoyin kiɗa ke nema, wanda daga baya ya zama makaɗin mawaƙi Bing Crosby, ya yarda ya zauna a ƙasa, a kuma ɓoye sunansa, domin kiɗan ya fito da kyau.

Lang bai daɗe ba. Ya mutu a 1933 bayan aikin maƙogwaro, yana da shekara 30. Johnson ya ga sama ya ga ƙasa. A 1959 an same shi yana aikin shara a wani otal a Philadelphia, garin su Lang, aka komo da shi fagen kiɗa. Ya rasu a Toronto ta ƙasar Kanada cikin 1970.

Ban ce Lang ya fi Johnson ba. Abin da na gaya wa 'yan ajina shi ne, kunne yakan bi mai tsalle, ya manta da wanda ya riƙe masa ƙasa. Ku samari masu koyon jita biyu biyu, kowa yana so a ba shi sama, ku nemi kiɗan nan ku ji sau biyu. Da fari ku bi Johnson. Na biyu ku ƙyale shi, ku kasa kunne ga Lang kaɗai. Sa'an nan ku rubuto mini abin da kuka ji.

Sai wata mai zuwa.