Sanƙarau: Me ya sa jinkirin kwana ɗaya ke kisa?

Duk shekara da hunturu ya kama, maganar sanƙarau sai ta dawo. A farkon 2025 jihar Upper West ta nan Ghana ta sha fama da ita. Abin da na lura shi ne, a zangunanmu muna maganar ƙwayar cutar, amma ba ma maganar abin da jiki da kansa ke yi.

Idan bakteriya ta shiga tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa, garkuwar jiki tana sakin wasu sinadarai masu kai saƙo da ake kira saitokain. TNF da IL-1 da IL-6 su ne masu yekuwa: su ke tayar da zazzaɓi, su sa jijiyoyin jini su saki, su kira fararen ƙwayoyin jini. IL-10 kuwa ita ke cewa ya isa haka.

A ƙurjin ƙafa wannan kumburi alheri ne, don akwai wurin da naman zai tashi. Ƙoƙon kai fa ba ya buɗewa. Ruwa ya taru, ƙwaƙwalwa ta matsu, jijiyar ji ta lalace. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 1 cikin 6 da suka kamu da sanƙarau na bakteriya yana mutuwa, 1 cikin 5 kuma yana samun mummunar illa, kamar kurumta.

To, me zai hana a danne kumburin? An gwada. Wani bincike a Turai a 2002 ya nuna allurar deksametason tana rage mace-macen manya idan an ba da ita tare da maganin kashe ƙwayoyin. Amma a Malawi, a 2007, ba a ga wannan amfani ba. Cikin dalilan da aka kawo akwai yawan masu HIV da kuma zuwa asibiti a makare. Wato in saƙon ya riga ya bazu, ba a iya kiransa ya dawo.

Nan ne laifinmu yake. Yaro ya tashi da zazzaɓi da ciwon kai, wuya ya sage, sai a aika kemis a sayo farasitamol. Zafin jiki ya sauka, hankalin kowa ya kwanta, alhali ɓarna na ci gaba a ciki. Wasu kuma sai an gama rubutu da tofi tukuna. Addu'a ba ta hana ɗaukar mara lafiya zuwa asibiti, a haɗa su tare.

Mun yarda mu yi rigakafin sanƙarau saboda Saudiyya ta wajabta wa alhazai. Yaran gida ma a kai su nasu rigakafin. In kuma an ga zazzaɓi da sagewar wuya, ko amai da gushewar hankali, a tafi asibiti a daren, kada a jira gari ya waye.