Mai Da Mota Ta Koma Shan Gas: Wa Zai Ci Riba A Agege, Wa Zai Yi Asara?

Duk wanda ke zama a majalisar direbobi a Zangon Agege, ko a bakin kasuwar Mile 12 bayan an gama sauke tumatir da albasa, ya san maganar da ta fi kowace yawo a bakin masu motoci. Ba ta wuce ta gas ba. Wannan ya ce ya ji wane ya sa wa Sienna ɗinsa tukunya, yanzu kuɗin man da yake kashewa bai kai rabin na da ba. Wancan ya ce shi kam ba zai ɗauki bam a but ya riƙa yawo da iyalinsa ba. Kowannensu yana da gaskiyarsa, to amma ba a yanke shawarar kashe Naira miliyan guda a kan ji-ta-ji-ta.

Asalin maganar sananne ne. Ran 29 ga Mayu 2023, ranar da aka rantsad da Shugaba Bola Tinubu, ya ba da sanarwar cewa tallafin mai ya ƙare. Litar fetur da ake saya wajen N185 a Ikko ta tashi ta koma N488 cikin 'yan kwanaki. A watan Satumba 2024 ta kai N855 a gidajen man NNPC, wata guda bayan haka ta taɓa N998. Ita ma Naira aka sake ta, Dalar da ake canzawa wajen N460 a banki ta haye N1,500 a farkon 2024, watau tsohuwar motar da ake shigo da ita daga Turai ko Amurka ta fi ƙarfin mai matsakaicin hali, kayan gyara kuma a kasuwar Ladipo suka bi ta. Dattawan Agege da suka ga zamanin Udoji, lokacin da aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna a 1975, suna tuna litar da ba ta kai kwabo tara ba. Wannan zamani ya wuce. Wanda ke da tsohuwar mota yau dole ya rungume ta, ya nemi hanyar da zai ciyad da ita.

Amsar da Gwamnatin Tarayya ta bayar ita ce gas ɗin da ake kira CNG. Ta kafa wani shiri na musamman a ƙarƙashin ofishin Shugaban Ƙasa a 2023, ta ce burinta shi ne motoci miliyan ɗaya su koma gas kafin ƙarshen 2027, ta kuma yi alkawarin sa wa motocin haya kayan kyauta ta hannun ƙungiyoyin direbobi. Ba sabon abu ba ne ɗungum, gama 'yan tasi a birnin Benin sun fi shekara goma suna amfani da shi kafin a cire tallafi.

Yadda abin yake shi ne, ba a cire tankin fetur. Ana ɗaura tukunyar ƙarfe mai kauri a but ko a ƙarƙashin mota, a ja siririn bututu zuwa inji, a sa na'urar da ke rage ƙarfin gas kafin ya shiga, sa'an nan a sa maɓalli kusa da sitiyari. Mota takan tashi da fetur, in inji ya ɗumama ta koma gas, in gas ya ƙare ta komo fetur. Awo ɗaya na gas, wanda ake kira SCM, yana tafiyad da mota kusan daidai da lita ɗaya ta fetur. A 2024 ana sayad da awon N230. A watan Satumba 2025 jaridu suka ba da labarin cewa gidajen gas na Ikko da Abuja sun mai da shi N380 ga ƙananan motoci.

To, a nan ne ya kamata a ɗauki alƙalami. A misali, a ce fetur N900 ne, gas N380, kamar yadda suke a wajajen ƙarshen 2025, a kuma ce aikin sa tukunya ya ci Naira miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu, wanda yake cikin abin da ake karɓa a lokacin. Direban da ke jigila tsakanin Agege da Oshodi ko Sango Ota, yana ƙona lita 20 kullum, fetur zai ci masa N18,000, gas kuwa N7,600. Ragowar N10,400 ke nan a rana. Cikin kwana 115 na aiki, watau ƙasa da wata biyar, kuɗinsa sun dawo, abin da ya biyo baya riba ce. Amma ɗan kasuwar da motarsa ba ta wuce kai yara makaranta, zuwa Masallacin Juma'a da ziyarar 'yan'uwa a Idi-Araba, wanda lita 20 ke kai shi mako guda, shi mako 115 zai jira, fiye da shekara biyu. Miliyan ɗaya da ɗoriya a hannun mai sayad da goro ko hatsi ba kuɗin da za a binne a but har shekara biyu ba ne, in ya juya su a kasuwa sai su haifa masa fiye da haka.

Ko shi direban hayan akwai abin da lissafin takarda ba ya nunawa, watau layi. Gidajen gas ba su da yawa. Akwai na Ibafo a kan hanyar Ibadan, NNPC ta buɗe wata tasha a Ilasamaja a watan Mayu 2024, ta kuma ƙara goma sha biyu tsakanin Ikko da Abuja a watan Yuli na shekarar, amma motocin da suka koma gas sun fi gidajen saurin ƙaruwa. Tukunya mai cin lita 65, wadda aka fi sa wa ƙananan motoci, awo goma sha biyar ko kusa da haka take ɗauka, abin da ba zai wuce tafiyar kilomita 150 zuwa 200 ba, a cunkoson Ikko ma bai kai ba. Ke nan mai haya kusan kullum sai ya koma layi. In awa biyu ko uku na safiya suka tafi a can, lodi nawa ya rasa? Wannan ma kuɗi ne, sai a cire shi daga ribar.

Sai kuma maganar da ta fi shafar mutanen Arewa mazauna Kudu, wadda masu tallar gas ba su cika taɓowa ba. Bahaushen Agege ba don titin Ikko kaɗai ya sayi mota ba. Akwai tafiya gida da Sallah, akwai biki, akwai gaisuwar rasuwa da ba ta sallama. Daga Ikko zuwa Kano tafiya ce ta kilomita dubu ko fiye, watau cikin tukunya biyar ko shida. Wanda ya bi ta Lokoja da Abuja ya fi wanda ya bi ta Jebba da Mokwa samun inda zai ɗura, amma da an wuce Abuja, gidajen gas a 2025 'yan ƙalilan ne, balle wanda zai zarce Daura, Illela ko Nguru. Dalili kuwa shi ne gas yana fitowa daga Kudu ne, kuma babban bututun da zai kai shi Arewa, mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikinsa a watan Yuni 2020, ya sha ɗage ranar gamawa. Inda bututu bai kai ba sai a ɗauko gas a manyan motoci, kuɗin dako kuwa a kan mai saye yake faɗawa. Fetur in ya yanke a daji akwai ɗan bumburutu da galan a bakin hanya. Gas ba a zuba shi a jarka. Saboda haka mai zuwa gida zai yi yawancin tafiyarsa da fetur ne, alhali yana ɗauke da tukunya mai nauyin da ya fi buhun siminti, ta kuma cinye rabin but ɗin da ya saba cikawa da tsaraba. Ga masu Sienna da Hiace da ke lodin Arewa daga tashar Agege, waɗanda kuɗin kaya ke cike musu gibin kuɗin fasinja, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Game da tsoron fashewa, lalle akwai abin tsoro, sai dai ba inda mutane suke zato ba. Shi wannan gas ya fi iska sauƙi, in ya tsiyaya sama yake yi ya watse, ba kamar fetur da ke malala a ƙasa ba, ba kuma kamar gas ɗin girki da ke kwanciya a lungu ba. Hatsarin yana cikin ƙarfin matsin da ake ɗura shi da shi, wanda ya kai wajen ninki casa'in na iskar da ke cikin tayar mota, kuma wajen ninki ashirin na abin da ke cikin tukunyar girki. Tukunyar gaskiya ƙarfe ɗaya ce da aka zuba ba tare da ɗinkin walda ba. A watan Oktoba 2024 wata mota ta fashe tana cikin shan gas a unguwar Aduwawa ta birnin Benin, mutane suka ji rauni, hukuma kuwa ta ce tukunyar da ke cikinta haɗin mai walda ce, ba wadda aka amince da ita ba. Wanda duk ya zo wa mai mota da tukunya mai arha, ko ya ce zai gyara masa ta girki ta yi aikin, to ajalinsa yake sayar masa. Hukuma ta ce a tsaya ga garejojin da ta yi wa rajista, kuma a wannan wuri maganarta daidai ce.

Ita ma tukunyar gaskiya tana da shekarunta. Ana buga ranar da aka ƙera ta da ranar ƙarewarta a jikin ƙarfen, ana kuma bukatar a riƙa gwada ta bayan 'yan shekaru. Ƙasar Maleshiya ta ba da sanarwa a watan Nuwamba 2024 cewa za ta hana motocin gas hawa titi daga ran 1 ga Yuli 2025, dalilinta kuwa shi ne tukwanen da yawa sun kai shekara goma sha biyar, masu su kuma ba sa canzawa. A ƙasar da kusan kowane kayan mota na hannu ne, ba abin mamaki ba ne in tsofaffin tukwanen da aka yar a wata ƙasa suka ɓullo a kasuwa da sabon fenti. Mai saye ya karanta lambar da idonsa, kada fenti ya ruɗe shi.

Ba kowane inji ba ne kuma zai karɓi gas da daɗi. Gas busasshe ne, yana sa bawul ya fi ɗaukar zafi, yana kuma bukatar wuta mai ƙarfi, saboda haka fulogin da fetur ke haƙuri da shi gas ba zai yi ba. Ƙarfin mota yakan ragu kaɗan, mai lodi zai ji haka a hawan tudu. Motar da ta riga ta fara shan baƙin mai, ko take zafi a cunkoso, gyaran inji da lagireto take bukata tukuna, ba tukunya ba. Wasu kuma da sun koma gas sai su bar tankin fetur ƙaf, su manta famfon mai a cikin fetur yake samun sanyi, ba a jima sai ya ƙone. A bar ko da kwata ne a ciki, a kuma duba sifirin na baya ko zai ɗauki ƙarin nauyi.

Abin da ba mai iya lamuncewa shi ne tazarar farashi. Ribar duka tana rataye ne a kan gas ya ci gaba da zama ƙasa da fetur nesa. Tun da matatar Dangote da ke Lekki ta fara fid da fetur a watan Satumba 2024 farashinsa ke hawa yana sauka, gas kuwa ya tashi daga N230 zuwa N380 a tashi ɗaya. A Pakistan gwamnati ta kwaɗaita wa jama'a gas har motoci miliyoyi suka koma, daga baya gas ɗin ya kasa isa, aka riƙa rufe gidajen sayarwa kwanaki a mako, musamman da sanyi. Nijeriya tana da gas a ƙasa mai yawa, amma samunsa a ƙasa daban, kai shi bakin famfo daban.

Direban haya da ke aiki cikin Ikko, injinsa lafiyayye, gidan gas na kan hanyarsa, musamman in ƙungiyarsa ta samo masa kayan gwamnati, shi ne wanda lissafi ya goyi bayansa. Mai motar gida da mai lodin Arewa kuwa, abin da zai canza musu lissafi shi ne ranar da gas ya fara gudana a bututun Ajaokuta har Kano, aka kuma ga gidajen sayarwa a Zariya, Funtuwa da Gusau.