Hoton Gida da Cinikin Biri a Sama

A cikin hutun da ya wuce wani tsohon ɗalibinmu, wanda yake aikin asibiti a kudu, ya aiko mana da wani hoto ta waya yana neman shawara. Gida ne mai ɗakuna uku, da jan kwano, da koriyar ciyawa a tsakar gida, ga kwalta shimfiɗe har bakin ƙofa, ga fitilun titi a jere. Wani dillali ne ya tura masa, ya ce a bayan garin Gusau ne, kuma in bai ba da kafin alkalami a cikin mako ɗaya ba wani zai riga shi. So yake ya ɗauke iyayensa daga ƙauye saboda rashin kwanciyar hankali. Muka roƙi wani ɗan'uwa da yake zaune a Gusau ya je ya gano mana. Abin da ya tarar fili ne mai tubali sahu huɗu, da kwazazzabo a gefensa. Ba kwalta, ba ko turken lantarki. Da aka tuntuɓi dillalin, sai ya ce ai shi bai yi ƙarya ba, hoton yana nuna yadda wurin zai zama ne in an gama.

Wannan amsa tasa ita ce ta sa muka ɗauki alƙalami, gama ba za mu ce babu gaskiya a cikinta sam ba. Tun da daɗewa masu zanen gine-gine suna zana gida kafin a sa harsashi, kuma babu wanda ya taɓa kiran wannan zamba. Amma a da kowa ya ga zane ya san zane ne, kuma sai mai kuɗi yake iya biyan mai zanen. Yanzu abin ya sake. Daga shekarar 2022, sa'ad da manhajoji irin su Midjourney da Stable Diffusion suka fito, sai ƙera hoto ya zama abin wasa. A shekarar 2024 kuma kamfanin Meta ya sa irin wannan fasaha a cikin WhatsApp a Nijeriya, watau tana cikin aljihun duk mai babbar waya.

Ga ɗalibanmu na ajin kimiyya da za su tambaya yadda abin yake: an nuna wa kwamfuta miliyoyin hotuna tare da bayanin abin da ke cikinsu, har ta koyi irin siffar da ke tafiya da kalmar "taga" ko "bene". In ka rubuta mata abin da kake so, sai ta ƙirƙiro sabon hoto wanda babu kyamarar da ta taɓa ɗauka. In kuma ka ba ta hoton kango, tana iya yi masa fenti, ta toshe tsagar bango, ta kau da juji, ta dasa mangwaro. Wannan na biyun shi ya fi ba mu tsoro, domin rabin gaskiya ne, kuma wanda ya san unguwar ma yana iya ruɗewa. A farko akan gane irin waɗannan hotuna ta wurin karkatacciyar taga ko rubutun allo marar ma'ana. Kada kowa ya dogara ga wannan yanzu, na'urar tana gyara kuskurenta kullum.

Kakanninmu sun ce gani ya kori ji. Sun faɗi haka ne a zamanin da ido yake zuwa wurin da kansa. Mu mutanen yammacin Zamfara kuwa mun fi kowa sanin abin da hoto ba ya nunawa, ko da na gaskiya ne. A shekarar 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma, saboda niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje. Da an ɗauki hoton waɗannan gidaje, da ba a ga kome ba sai tsakar gida sharariya, alhali gubar tana cikin ƙasar da yara suke rarrafe a kai. Haka nan a watan Agusta na 2024 ambaliya ta rusa gidaje masu yawa a Gummi. Filin da ruwa yake kwanciya a kansa da damina, in ka gan shi a watan Maris sai ka rantse tudu ne. To, in hoton gaskiya yana ɓoye wannan duka, ina ga wanda aka umarci kwamfuta ta ƙawata?

Ba mu ce a hana dillalai da magina amfani da wannan fasaha ba. Ƙaramin magini wanda ba shi da kuɗin biyan mai zane yana iya nuna wa mai gida launin fenti iri uku ya zaɓa kafin a sayi bokiti ɗaya, kuma wannan alheri ne. Abin da muke cewa shi ne, duk hoton da aka ƙera ko aka taɓa, a rubuta a jikinsa ɓaro-ɓaro cewa ƙerarre ne, sa'an nan a ajiye hoton wurin na ainihi a gefensa tare da ranar da aka ɗauka. Ba mu ne muka fara wannan tunani ba. A jihar Kalifoniya ta Amurka an kafa doka wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2026, ta wajabta wa dillalan gidaje su bayyana in an sauya hoto da kwamfuta, su kuma ba mai saye hanyar ganin na asali. Mu ma nan ba mu rasa doka ba, gama Dokar Gasa da Kare Masu Saye ta 2018 ta haramta yaudarar mai saye da bayanin ƙarya, kuma akwai hukumar FCCPC da aka ɗora wa aikin. Sai dai tsakanin Bukkuyum da ofishin hukuma akwai tafiya, kuma kuɗin da ya shiga hannun ɗan damfara ba kasafai yake komowa ba.

Saboda haka nauyin ya komo kanmu, musamman ku ɗalibai, domin ku ne iyayenku suke miƙa wa waya su ce, "Duba mini wannan." Haka ma ƙungiyoyin zumunta na mata da na matasa waɗanda suke tara adashe don sayen fili. Ba a cinikin biri a sama. A je da ƙafa, in hanya ba ta da kyau a aiki amintacce wanda ba dillalin ne ya kawo shi ba, ya tsaya a wurin ya kira ta bidiyo, ya juya wayar gabas da yamma. A tambayi maƙwabta inda ruwa yake bi da damina. A gaida mai unguwa ko dagaci, gama su suka san filin da aka sayar sau biyu da wanda magada suke rigima a kansa. Sa'an nan a duba takarda. Bisa ga Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, gwamna ne yake riƙe da ƙasar jiha a matsayin amana, shi yake ba da takardar shaidar mallaka a birane, ƙaramar hukuma kuwa tana ba da izni na gargajiya a karkara. Wanda ya nuna muku takarda ta waya, ku tuna na'urar da ta dasa mangwaro a kan kwazazzabo ba za ta kasa zana hatimi ba, sai an kai ta ofishin filaye an gwada da abin da ke rubuce a can.

Tsohon ɗalibin namu bai biya ba. Ya kama wa iyayensa hayar ɗaki biyu a Gusau, ya ce zai jira watan Agusta ya zo da kansa, ya ga filayen sa'ad da ruwa yake sauka.