Kun Tanadi Rago, Kun Manta da Mai Sunan



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Yake fito da ɗan Adam daga cikin mahaifiyarsa bai iya kare kansa daga ko ƙuda ba, sannan Ya damƙa shi amana a hannun iyayensa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku jama'ar masallaci, maza da mata, darasin wannan mako zai yi wa wasu ɗaci, amma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Maganata a kan jariri ce, tun daga sa'ar da ya faɗo har zuwa arba'in, kuma na fi nufin samari da ƴan matan da Allah Ya ba haihuwar fari. Ƙarar da nake kawowa ita ce an ɗauki mustahabbi an aza a ka, an ɗauki wajibi an yar a bayan danga.

Ku duba yadda abin yake gudana daga nan Sarkin Yamma har Safo da Madarunfa da cikin Maradi. Da an ce wance ta sauka, hankalin mai gida ya tafi kasuwar dabbobi. Rago na jika nawa, goro ƙwarya nawa, wace atamfa za a fita suna da ita. A ci bashi, a fasa rumbu tun damina tana nesa, don kada a ce wane ya gaza. Duk tsawon kwana bakwai ɗin nan, wanda ake wa hidimar yana kwance a ƙuryar ɗaki, uban bai tambaya ba ko ya kama nono, ko cibiyarsa tana bushewa, ko jikinsa da ɗumi.

To, mu koma ga littattafan da muka karanta a gaban malamanmu. A mazhabar Imamu Malik, yankan suna, wato aƙiƙa, dabba guda ce a rana ta bakwai, ko namiji aka haifa ko mace, kamar yadda yake a Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani. Hukuncinta mustahabbi ne. Shehu Halil ma a Muhtasar ya lissafa mayar da ita walima a cikin makaruhai. Wanda ba shi da hali bai yanka ba, babu zunubi a kansa. Amma ciyar da mai shayarwa da tufatar da ita, Allah da kanSa Ya ɗora wa uba a aya ta 233 ta Suratul Baƙara, inda Ya ambaci shayarwar shekara biyu, Ya kuma hana a cutar da uwa saboda ɗanta. Hadisin Abu Dawuda ya nuna cewa tozarta waɗanda ciyarwarsu take wuyan mutum ya ishe shi zunubi. Wane malami ne ya karantar da ku cewa a saki farilla a kama nafila?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 jarirai kimanin miliyan 2.3 ne suka rasu a duniya kafin su cika kwana 28, kuma wajen kashi uku cikin huɗu na irin wannan rashi a makon farko yake aukuwa. Afirka ta kudu da Sahara, inda muke, ita ce ta fi kowane yanki haɗari ga jariri. Makon farkon nan kuwa shi ne makon da kuke kasuwa kuna taya rago.

Ga abubuwa biyar da ake yi a gidajenmu da sunan al'ada, wasu har da sunan addini.

Na farko, zubar da dakashi. Nonon farko mai kauri, mai launin rawaya, sai a ce ƙazanta ne, a matse a zubar, a riƙa ɗura wa jariri ruwan ɗumi ko madarar akuya har kwana biyu ko uku. Wallahi abin da kuke zubarwa shi ne rigakafin farko da Allah Ya shirya masa tun yana ciki, yana ɗauke da garkuwar jikin uwa zuwa jikin ɗanta. Kaɗan ne, amma cikin jariri ma ɗan ƙarami ne. A sa shi a nono cikin sa'ar farko da haihuwa, domin tsotsonsa yana taimaka wa mahaifa ta tsuke, jini ya ragu, nono ya kawo da wuri. Wani almajiri zai ce Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu shekara ta 751 bayan hijira, ya faɗa a Tuhfatul Maududi cewa ya fi kyau wata mace ta shayar da jariri a kwanakin farko. Haka ne, ya faɗa. Amma ilimin likitancin zamaninsa ya kawo a wurin, bai kafa hujja da aya ko hadisi ba, kuma ko shi nonon mace ya ambata, bai ce ruwan randa ba. Hukuncin halal da haram a wajen malamai ake ɗauka, abin da ya shafi jiki kuwa masana jiki ake tambaya, kuma masanan yau sun ga abin da na jiya ba su da kayan ganinsa.

Na biyu, ɗura ruwa da jiƙe-jiƙe. Za ku ce zafin ƙasarmu ya yi yawa, yaro zai ji ƙishirwa. Nonon uwa fiye da kashi 80 cikin 100 nasa ruwa ne, kuma ya ishe jariri ci da sha har wata shida, ko a tsakiyar bazara. Ruwan da babba zai sha ya wuce lafiya, shi ne yake sa jariri gudawa, gudawar kwana biyu kuwa tana iya ƙarar da shi. Ita uwar a cika mata randa ta sha, ta ci ta ƙoshi, ta ba shi nono dare da rana. Masu fakewa da tahaniki su sani, abin da ya tabbata shi ne Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tauna dabino ya goga a dasashin Abdullahi ɗan Zubairu lokacin da Asma'u ta kawo shi a Ƙuba. Gugar dabino ce sau ɗaya, kuma akwai malaman da suke ganin albarkar yawunsa aka nema, abin da ba wanda ya gada. Ina alaƙar wannan da cika cikin jariri da rubutu da zuma da saiwoyi? Zuma ma likitoci sun hana a ba yaro sai ya shekara, saboda wata ƙwayar cuta da hanjinsa bai iya yaƙa ba tukuna. Idan tsari kuke nema masa, Annabi da addu'a ya riƙa nema wa Hasan da Husaini tsari, kamar yadda Buhari ya ruwaito. Ku yi masa addu'a, ku bar cikinsa ga nono.

Na uku, aska da reza. A yanke cibi da tsohuwar reza, a shafa toka ko man shanu ko man goge haƙori, a yi ta gashi da tsumma mai dauɗa. Ta nan tetanos yake shiga, ciwon nan da jariri yake kasa kama nono bayan ƴan kwanaki, muƙamuƙinsa ya ƙage, jikinsa ya sandare, sai a ce iska ce ta taɓa shi. Cibiya tsabta take so da bushewa, kada a sa mata komai sai maganin da likita ya bayar. Haka nan cire hakin wuya. Ɗan naman nan Allah ne Ya halitta shi a wuyan kowane mutum, ba ciwo ba ne. Jinin jariri kaɗan ne, abin da zai zuba daga wannan yanka yana iya kai shi kabari, ban da cutar da ƙarfe yake ɗaukowa daga wani yaro zuwa wani. Ƴan'uwana wanzamai, ina girmama sana'arku ta gado, ku yi askin suna da sabuwar reza ku tsaya nan. Hadisi ya zo a Abu Dawuda da Nasa'i cewa wanda ya yi aikin likita ba tare da an san shi da iliminsa ba, lamunin ɓarnar yana kansa. Uban da ya riƙe yaron ya biya kuɗin aikin, shi ma ya shirya amsarsa.

Na huɗu, wankan jego da tafasasshen ruwa safe da yamma, da kwanciya a kan gadon wuta, da kunun kanwa kullum. Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego a ƙasar Hausa, suka danganta shi da wannan zafi da yawan kanwa, wadda take tara ruwa a jiki ta ɗora wa zuciya nauyi. Mace ta kumbura, numfashi ya gagare ta, a ce sanyi ne ya kama ta, a ƙara wuta. Wankan da shari'a ta wajabta wa mai biƙi guda ɗaya ne, ranar da jini ya ɗauke. Sauran na tsabta ne, ruwa mai ɗumi ya wadatar. Idan uwa ta faɗi, wa zai shayar da ɗan?

Na biyar, kuma shi ne tushen sauran, kunyar ɗan fari. Yarinya tana jin nauyin ɗaukar ɗanta a gaban surukai, yana kuka ta kau da kai don kada a ce ba ta da kunya. Saurayi ya tura matarsa wanka gidan iyayenta, ya koma fada yana shan shayi, yana ganin nauyi ya sauka daga kansa. Kunya tana cikin imani, babu musu. Amma wadda take hana uwa shayarwa, ta hana uba tambayar lafiyar ɗansa, shari'a ba ta san ta ba. Wa ya kai Manzon Allah kunya? Ga shi Muslim ya ruwaito daga Anas cewa yana tafiya har unguwannin gefen Madina, gidan maƙerin da ake shayar da ɗansa Ibrahim, ya shiga cikin hayaƙi, ya ɗauke shi ya sumbace shi. Yana jin kukan yaro a bayan sahu sai ya taƙaita salla don tausayin uwar. Sayyidina Umar kuwa, da ya gane wata mata tana gaggauta yaye ɗanta saboda baitulmali ba ya ba yaro kaso sai an yaye shi, sai ya sauya dokar, ya yanka wa kowane jariri rabonsa tun daga haihuwa. Halifa ya sauya dokar daula saboda kukan jariri guda, kai kuma kana jin nauyin leƙa ɗaki.

Na san amsar da ake bayarwa idan an dawo daga maƙabarta da ɗan ƙaramin likkafani: kwana ne ya ƙare. Gaskiya ne, ba mai mutuwa sai da ajalinsa. Amma ƙaddara ba ta wanke mai sakaci. Da annoba ta ɓarke a Sham, Umar ya juya da tawagarsa, ya bayyana wa Abu Ubaida cewa guje wa cuta shi ma cikin ƙaddarar Allah yake. Kai da kake ɗaure ragon suna da igiya biyu don kada ya ɓace, me ya sa ba ka bar shi ga ƙaddara ba?

Saboda haka, kai sabon uba, ga abin da yake wuyanka. Tun ciki yana ƙarami ka bar ta ta je awo ta karɓi allurar tetanos, ka ware kuɗin kabu-kabu da na magani kafin kuɗin rago, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ta haihu a gidan likita. Idan haihuwa ta riske ta a gida, a kai su ita da jaririn a duba su a ranar. A goge shi a lulluɓe shi, a kwantar da shi a ƙirjin uwarsa fata da fata, a jinkirta wanka sai ya kwana ya yini, balle a lokacin ɗari. Su kwana cikin gidan sauro. A yi masa allurar BCG da ɗigon shan inna, ka adana katinsa, ka yi masa takardar haihuwa a ofishin magajin gari kafin wa'adi ya wuce ka koma neman hukuncin alƙali.

Ka haddace waɗannan alamu kamar yadda ka haddace farillan alwala: ƙin kama nono, zafin jiki ko sanyinsa, numfashi da sauri ko faɗawar ƙirji, jijjiga, idanu ko tafin hannu su yi rawaya, cibiya ta yi ja ko ruwa ko wari, jiki ya saki ba motsi. Ga uwa kuma, zubar jini mai yawa, zazzaɓi, ciwon kai mai tsanani, kumburi da haki. Ko ɗaya ka gani, ko da tsakar dare ne, ko da ana gobe suna, ka nufi CSI, in sun tura ku Madarunfa ko asibitin uwa da yaro na Maradi kada ka tsaya shawara. Tun 2006 gwamnatin Nijar ta ayyana kula da lafiyar yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta. Ko da an rubuta maka magani ka saya, bai kai kuɗin ƙafar rago ba.

Ku kuma iyayenmu mata, kakanni da ungozomomi, mun san da ƙauna kuke yi, kuma a hannunku muka girma. Za ku ce haka aka yi mana muka rayu. To, kowace ta ƙirga a zuciyarta nawa ta haifa, nawa suka tsaya. Maganarku ce ake ji a ɗakin jego, ba ta liman ba, ba ta likita ba. Idan kuka ce a ba shi dakashi, za a ba shi. Idan kuka ce wanzami ya mayar da ƙarfensa cikin zabira, zai mayar. Wannan iko amana ne, kuma za a tambaye ku a kansa.

Wanda ya karanta wannan ya karanta wa mutanen gidansa, ya tura wa ɗan'uwansa da yake ci-rani alhali matarsa tana da tsohon ciki. Mai ganin na yi kuskure a wata mas'ala ya same ni bayan sallar la'asar da littafinsa a hannu, mu buɗe tare.

Allah Ya raya mana zuriyarmu a kan Musulunci, Ya ba masu jego lafiya, Ya sauki masu ciki lafiya, Ya sa waɗanda suka riga mu tun suna jarirai su zama masu ceton iyayensu. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.