Idan Matacin Gida Ya Hana VPN Wucewa

Garin Dambam yana kan babbar hanyar da ta taso daga Kano ta ratsa Azare ta nufi Potiskum da Maiduguri, saboda haka abin da zamani ya kawo ba ya daɗewa bai sauka a tasharsa ba. Tun daga shekarar 2001 da aka fara amfani da wayar salula a Nijeriya, har zuwa yau da ƙananan akwatunan rarraba intanet, waɗanda ake kira rauta, suka fara shiga gidajen ma'aikata da 'yan kasuwa a Dambam da Dagauda da Jalam, jama'a suna karɓar baƙon nan suna koyon halinsa sannu a hankali.

Wani hali nasa da ke ɗaure wa mutane kai shi ne wannan. Ma'aikaci zai zauna a ɗakinsa, intanet ɗin gida na tafiya sarai, saƙonni suna shigowa, amma da zarar ya kunna VPN ɗin da ofishinsu ya ba shi domin ya shiga kwamfutocin wurin aiki, sai abu ya tsaya cik. Ga rahoton ƙarshen wata ana jira, ga lokaci yana ƙurewa. Nan take sai a ɗora wa kamfanin waya laifi, ko kuwa a ce kwamfutar ce ta tsufa, har a ɗauke ta a kai wa mai gyara a Azare, a biya kuɗin mota a biya na gyara. A can kuwa ta yi aiki lafiya lau, a dawo gida ta sake ƙi. Sau da yawa matsalar tana cikin gidan ne, kuma maigidan ne da kansa ya sa aka dasa ta, da kyakkyawar niyya, ya kuma manta.

Abin da ya sa aka dasa shi ne mataci. Magidanci mai 'ya'ya wanda ya san irin ƙazantar da ke yawo a intanet ba zai bar ƙofa a buɗe ba, don haka tun ranar da aka kawo rautar yakan ce wa wanda ya haɗa ta ya toshe shafukan batsa da na caca. Wannan kuwa abin yabo ne. Damuwar ma ba ta tsaya ga iyaye ba, domin a watan Maris na 2025 Majalisar Wakilai ta amince da wani ƙuduri da ya nemi Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta sa kamfanoni su toshe shafukan batsa a faɗin ƙasar.

Yawancin matatan gida suna aiki ne ta hanya guda. Kowane shafi na intanet yana da suna, yana kuma da lamba, kuma na'ura ba ta san suna ba sai lamba. Saboda haka in mutum ya rubuta sunan shafi, wayarsa takan fara tambayar wata babbar kwamfuta da ke riƙe da kundin sunaye da lambobi, kamar littafin lambobin tarho na zamanin da. Wannan tsari shi ake kira DNS. Abin da mataci ke yi shi ne ya maye gurbin mai riƙe da kundin da wani mai tsantseni: in an tambaye shi lambar shafin kirki ya bayar, in an tambaye shi ta shafin banza ya ce babu.

Shi kuwa VPN sha'aninsa dabam ne. Ba ya bari a ga inda mutum ya dosa. Yakan ɗauki dukan saƙon da ke fita daga kwamfuta ya sa shi a ambulan ya liƙe, ya aika wa wata kwamfuta guda, wadda ita ce za ta buɗe ta isar. Mai zaune a zaure ba ya ganin komai sai ambulan na wucewa. Bankuna da ma'aikatu da ƙungiyoyin agaji suna son wannan tsari domin ya tsare musu sirrin aiki. To amma ambulan ɗin da ya ɓoye lissafin banki shi ne kuma zai iya ɓoye hoton batsa. Masu ƙera matatai sun san haka, shi ya sa da yawa daga cikinsu suka sa VPN cikin jerin abubuwan da ake toshewa. Alal misali, matacin iyali na CleanBrowsing da na OpenDNS mai suna FamilyShield duk suna hana isa ga shafukan kewaye shinge irin waɗannan. Watau dai mataci bai lalace ba. Aikinsa yake yi, sai dai wani lokaci ba ya bambance VPN ɗin ofis da wanda yaro ya sauko da shi a ɓoye.

Yana da kyau a tuna yadda aka yi kalmar VPN ta shiga bakin 'yan Nijeriya, har yara suka san ta kafin iyayensu. Ranar 4 ga watan Yuni na 2021 Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar dakatar da Twitter, bayan kamfanin ya goge wani saƙo na Shugaba Muhammadu Buhari. Washegari kamfanonin waya suka toshe shafin bisa umurnin NCC. Cikin 'yan kwanaki matasa suka koya wa juna yadda ake sauko da VPN, mutum yana zaune a Misau ko Azare amma intanet na ganinsa kamar yana Amurka ko Jamus. Ministan Shari'a na wancan lokaci, Abubakar Malami, ya yi barazanar gurfanar da masu karya dokar. Ba a janye takunkumin ba sai ranar 13 ga Janairu na 2022, kuma a watan Yuli na wannan shekara Kotun ECOWAS ta yanke hukuncin cewa dakatarwar ba ta bisa ƙa'ida. Twitter ya dawo, amma ilimin da matasa suka samu a watanni bakwai ɗin nan bai koma ba. Shingen da gwamnati ta kasa tsarewa da dukan ƙarfinta, maigida ke ƙoƙarin tsare irinsa da akwati ɗan ƙarami a kan tebur. Ba a Nijeriya kaɗai ba: a Ingila ma, da dokar tantance shekarun masu shiga shafukan batsa ta fara aiki a watan Yuli na 2025, manhajojin VPN ne suka hau kan jerin waɗanda aka fi saukewa a ƙasar.

To, yaya za a gane mataci ne ya tare hanya? Gwajin ba ya cin kwabo. A kashe waifai na gida, a jona kwamfutar da datar wayar hannu, a sake kunna VPN. In ya tashi, to, ba shakka abin yana cikin rauta. In kuma bai tashi ba ta nan da ta can, a bar zargin mataci a duba wasu wurare. Na farko shi ne agogo. A ƙasar da wuta ke ɗaukewa kwana da kwanaki, tsohuwar kwamfuta takan farka da kwanan watan da ya wuce shekaru, VPN kuwa ba ya yarda da takardar shaidar da kwananta bai dace da agogo ba. Gyara agogo kaɗai ya sha tayar da abin da aka yi zaton ya mutu. Na biyu, wayoyi da yawa suna da tsarin tattalin batir wanda ke kashe manhajar da ke aiki a bayan fage, sai VPN ya riƙa yankewa da zarar fuskar waya ta yi duhu. Sai a cire shi daga jerin waɗanda ake kashewa. Na uku kuwa, a tabbata kalmar sirrin ofis ba ta ƙare wa'adinta ba.

Idan ta tabbata rauta ce, a nan ne akasari ake yin ɓarna. Mai gyara yana sauri, maigida yana sauri, sai a ce a cire matacin gaba ɗaya, ko a danna ɗan maɓallin nan na baya da tsinke a mayar da rautar yadda ta fito daga kamfani. Nan take VPN zai tashi, kowa ya yi murna. Amma an rushe katanga ne domin mutum ɗaya ya wuce, kuma babu wanda zai gaya wa maigida cewa daga daren nan wayoyin yaransa a buɗe suke. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Abin da ya kamata shi ne a buɗe wa ma'aikacin ƙofa shi kaɗai. Ana shiga saitin rauta ta hanyar rubuta lambarta a manhajar buɗe shafuka. Lambar tana rubuce a gindin akwatin ko a ƙarƙashin batir, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, wasu kuma 192.168.8.1. A sashen kula da yara, rautoci da dama suna ba da damar a zaɓi na'urorin da dokar za ta hau kansu, sai a bar wayoyin yara a ciki a fitar da kwamfutar aiki. In matacin irin wanda ake buɗe wa asusu ne, to yana da jerin shafukan da aka yafe wa, sai a nemi ainihin sunan kwamfutar VPN daga jami'in ofis mai kula da na'urori a rubuta shi a jerin. Wannan ita ce hanya mafi tsabta, domin VPN ɗaya tak ta bari, sauran duk suna nan a toshe. In babu ɗaya daga cikin biyun nan, ana iya sa wa kwamfutar aikin nata DNS dabam wanda ba na rautar ba, ko da yake kwamfutocin ofis da yawa a kulle suke, sai jami'in ne zai iya taɓa wannan wuri. Akwai kuma matacin iyali na Cloudflare, mai lamba 1.1.1.3, wanda aka fito da shi a 2020, ya kuma mai da hankali kan shafukan batsa da na ƙwayoyin cutar kwamfuta. Ya fi sassauci ga VPN, amma sassaucin nan har da na yaro ya shafa.

Wani lokaci kuwa ba suna aka toshe ba, ƙofa ce. Saƙonnin intanet suna bi ta ƙofofi masu lambobi, kuma kowane irin VPN yana da tasa: OpenVPN ya saba bin 1194, WireGuard 51820, IPsec kuwa 500 da 4500. Rautar da aka tsaurara takan rufe waɗannan. A duba ko tana da wurin da aka rubuta izinin wucewar VPN a kunna shi. In ba haka ba, a roƙi ofis ya mayar da haɗin ta ƙofa ta 443, wadda ita ce dukan shafukan banki da na gwamnati ke bi, ba mai rufe ta sai wanda ya yi niyyar kashe intanet ɗin gidansa. Sa'an nan akwai wata 'yar matsala mai rikitarwa, inda VPN zai nuna ya haɗu amma kwamfutocin ofis su ƙi buɗewa. Sau da yawa dalilin shi ne lambobin cikin gida sun yi karo da na cikin ofis, dukansu suna farawa da 192.168.1, saƙo ya rasa inda zai dosa. Canja lambar rautar gida zuwa wata, kamar 192.168.50.1, yakan warware wannan.

Duk wannan bayani a kan VPN na aiki ne. Na kyauta da ake saukowa da shi barkatai wani zance ne. A shekarar 2016 masu bincike, ciki har da na hukumar CSIRO ta Ostireliya, sun duba manhajojin VPN 283 na wayoyin Android, suka samu kashi 38 cikin ɗari suna da alamun cuta a jikinsu, kashi 18 kuma ba sa ma liƙe ambulan ɗin ko kaɗan. Mai sana'ar POS a kasuwar Dambam da ya bar irin wannan a kunne a wayar da yake shiga banki da ita, ya miƙa dukan zirga-zirgarsa ga wani baƙo da bai san sunansa ba. Ban da haka, manhajojin banki sukan ƙi buɗewa in suka ga mai asusu ya ɓullo daga wata ƙasa ba zato. In mataci ya hana irin wannan VPN wucewa, a bar shi ya hana. Haka kuma a sani VPN ba ya ƙirƙiro hanya inda babu. Da aka kashe turakun sadarwa a Jihar Zamfara a watan Satumba na 2021, da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna, ba wanda VPN ya fisshe shi, sai dai tafiya zuwa inda ake samun sabis.

Saura abu biyu da maigida zai kula da su bayan an buɗe ƙofar. Kwamfutar da aka fitar daga mataci ta zama hanyar fita, saboda haka ba a barin ta hannun yara da sunan yin aikin makaranta. Kuma a canja kalmar sirrin shiga saitin rauta, domin wadda ta zo da ita tana rubuce a jikin akwatin, kowane ɗan sakandare na iya karantawa. Matacin rauta dai ikonsa ya tsaya ne ga waifai na gida. Yaron da ke da layi a wayarsa, da ya sayi datar naira ɗari biyu ya fita daga ƙarƙashinsa. Don haka a sa wani tsaron a jikin wayar kanta, Family Link na Google ga wayoyin Android ko Screen Time ga iPhone, a kuma kunna sashen da ke hana sauko da sabuwar manhaja sai da izinin uba ko uwa, domin ta nan ne VPN ke shigowa.