FILIN LAFIYA: 'Yar Ƙugiyar Da Ke Riƙe Haƙorin Roba

Garin Vom, kudu da Jos, ya daɗe da sanin aikin magani. An kafa asibitin mishan a can cikin 1922, cibiyar binciken cututtukan dabbobi kuma cikin 1924. Amma ko a wuri irin wannan, sau da yawa mai giɓi in ya tafi a sa masa haƙorin roba na cirewa, farin haƙorin kaɗai ya kan duba. Alhali kuwa abin dubawa shi ne 'yar ƙugiyar ƙarfen da ke maƙale shi a jikin haƙoran da suka rage.

Ƙugiyar kirki sassa uku gare ta. Akwai hannu mai lanƙwasa wanda ke gangarawa ƙarƙashin kumburin haƙori ya kama. Akwai na biyu a ɗaya gefen, mai tokare haƙorin don kada na farko ya tura shi. Sai kuma ɗan harshe wanda ke zama bisa kan haƙorin, don kada robar ta nutse cikin dasashi wajen tauna. Su ukun nan tilas su zagaye fiye da rabin haƙorin.

Aiki ne na awo. Likita ya kan ɗauki siffar bakin, a zuba ta da filasta, a auna kumburin da na'ura. Ƙarfen zubi na kobal da kuromiyam yana da tauri, saboda haka kashi ɗaya cikin huɗu na milimita kawai ya kan shiga ƙarƙashin kumburin. Waya kuwa, da ya ke ta fi laushi, ta kan kai rabin milimita.

To, in ƙugiya ta cika matsi, sai ta girgiɗe lafiyayyen haƙori, giɓi ɗaya ya zama biyu. In ta yi sako-sako, ko babu ita sam, ana iya haɗiye haƙorin cikin barci ko wajen shan magani, ya maƙale a maƙoshi, har ta kai ga tiyata. Ga shi kuma roba ba ta cika fitowa a hoton asibiti ba.

Don haka mai haƙorin roba ya riƙa cire shi da dare, ya wanke cikin ƙugiyar da burushi. In ta saki, kada ya matse ta da filaya, ya koma wurin likitan haƙori. Araha dai ba ta ado. Allah ya ƙara mana lafiya, amin.