Tunawa da Alhaji Abubakar Imam, da Kukan Manoman Kadawa

Yau muna so mu tuna da Alhaji Abubakar Imam, wanda ya riga mu gidan gaskiya a Zariya cikin watan Yuni na 1981. Allah ya jiƙansa, ya kyauta makwancinsa, amin. Shekara arba'in da ɗoriya ke nan da rasuwarsa, amma har yau in an ce ɗan jarida a ƙasar Hausa, sunansa ne ke fara zuwa baki.

An haife shi a Kagara cikin 1911, a gidan malamai. Ya yi karatun allo tukuna, sa'an nan ya shiga Kwalejin Katsina, ya fito ya koyar a Midil ta Katsina. Cikin 1933 aka yi gasar rubuta littattafai, ya shiga da Ruwan Bagaja, daga nan Dokta East ya jawo shi Zariya ya rubuta Magana Jari Ce. Wannan duka yaran makaranta ma sun sani, ba sai mun tsaya a kai ba. Inda za mu tsaya shi ne watan Janairu na 1939, sa'ad da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, shi ne edita, ya kuwa riƙe ta har 1951.

Lalle Turawan mulki ne suka kafa jaridar, kuma suna da tasu bukata a ciki. Yaƙin Hitila na ƙofa, suna son a ji labarinsa daga bakinsu, suna son a yawaita noman gyaɗa. Ba mu ɓoye wannan ba. Amma Malam Abubakar ya yi abin da ya wuce nufinsu. Ya rubuta Hausa kamar yadda ake faɗarta a zaure, har ya zama mutum ɗaya ya sayi jarida kwabo, ya karanta wa mutum goma a dandali, kowa ya gane ba tare da tafinta ba. Ya buɗe wa wasiƙun jama'a ƙofa, mutumin ƙauye ya ga kukansa a takarda. Zamanin yaƙin har aka riƙa fitar da 'Yar Gaskiya da ajami, domin waɗanda allo ne kaɗai makarantarsu. Shekarun nan kuwa ba na ƙoshi ba ne, cikinsu aka yi yunwar da tsofaffi ke kira 'Yar Gusau. Daga baya shi da East suka rubuta Ikon Allah, inda suka bayyana halittu, da tsiro, da ƙwari, da harshen da manomi zai ji. Watau ya nuna babu wani ilmi da ya fi ƙarfin Hausa, in an sami mai haƙurin tauna shi kafin ya ba mutane.

To, abin da ya sa muka ɗauko zancensa daga nan Garun Malam ke nan. Ƙasar nan tamu ta sāke cikin shekara hamsin, sākewar da ba a taɓa gani ba. An gama madatsar Tiga cikin 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, bayan farin da ya ƙone Arewa. Ruwa ya biyo hanyoyin da aka haƙa masa har Bunkure da Kura da Kadawa, rani ya koma lokacin aiki, cin rani ya ragu. Da ruwan ya zo, akushi ma ya sāke. Dattawanmu sun tashi da tuwon dawa da miyar kuka, da fura da rana. Shinkafa sai Salla, ko an yi babban baƙo. Yau yaro a Kura ya ci garau-garau da safe, ya ci dafa-duka da dare, in an ba shi tuwon gero ya ɓata fuska. Jar miya ta ture miyar kuka gefe, ɗanɗanon kanti ya kusa korar daddawa daga tukunya. Alkamar da dā sai fadamu kaɗan, ta alkaki da funkaso, ta zama gonaki shimfiɗe. Wa ya rubuta wannan? Tsofaffin matan da suka san yadda ake dafa kalwa har ta zama daddawa suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, saninsu na binsu kushewa. Da Malam Abubakar na raye, muna zato da ya aiki yaro da alƙalami ya zauna gabansu.

Wannan rashi ne na tarihi. Akwai wanda ya fi shi zafi, shi ne na dukiya. Cikin 2016 tsutsar nan da manoma suka laƙaba wa suna sharon ta auka wa tumatir a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa. A shekarar ne aka buɗe kamfanin tumatir na Dangote a Kadawa, ba a daɗe ba ya tsaya don rashin abin niƙa. Kwandon da ake rangwame a Kwanar Gafan ya koma sai mai hali, matan gida suka koma kan kauɗa da na gwangwani. Alhali kuwa masana sun san wannan tsutsa tun tuni. Asalinta daga Amurka ta Kudu ne, ta ƙetara Sifen cikin 2006, ta bi ƙasa ƙasa har ta iso mu. Uwarta ɗan ƙaramin malam-buɗe-littafi ce mai yawo da dare, guda ɗaya takan yi ƙwai fiye da 200. Tsutsar in ta ƙyanƙyashe sai ta shige cikin naman ganye, inda feshi ba ya cim mata sosai. In aka dinga fesa magani iri guda, jikokinta sukan saba da shi, ya zama kamar ruwa. Zafi ne lokacinta, shi ya sa tumatirin ƙarshen rani ya fi shan wuya. Hanyar rage ta sananniya ce: a ƙone karan tsohuwar gona, a riƙa sauya shuka, a sauya irin magani, a kafa tarko tun ba ta yi yawa ba.

Duba fa, mai karatu, wannan bayani bai cika rabin shafi ba. Amma yana kwance cikin takardun Turanci a ofisoshi, manomi kuwa yana ninka awon magani, yana fesawa ba takunkumi, yana ɗaukar bashi kan bashi. Kwalbar da ke hannunsa ma rubutunta da Turanci ne, wani sa'i da Faransanci, sai abin da mai kanti ya gaya masa, shi kuwa mai kanti ciniki yake nema. Gidajen rediyo suna ƙoƙari, mun yaba musu, sai dai maganar iska ba ta jiran wanda ke bakin ruwa yana ban ruwa. Takarda ita ce ake naɗewa a sa a aljihu, a sāke dubawa ran da bukata ta zo.

Saboda haka muna roƙon editocin jaridun Hausa su keɓe shafi ɗaya kowane mako don gona da tukunya, su ba shi marubuci tsayayye wanda zai taka ƙafa ya zo, ba mai juya takardar ofis ba. Ya kawo farashin Kwanar Gafan da na Dawanau, ya faɗi ranar da za a saki ruwa da ranar da za a rufe don gyara. Hukumar Kogunan Haɗeja da Jama'are da malaman gona na jiha su riƙa ba shi bayani tun kafin a zuba iri cikin watan Oktoba, a buga da boko da ajami, a kai wa shugabannin ƙungiyoyin masu ban ruwa su raba.